Kafin Ka Shigar da Tsohuwar Mikisa Situdiyonka

Daga Boɗinga zuwa Shagari, duk garin da ka tsaya a kan titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, da wuya ka rasa mikisa. Tana masallacin Juma'a kusa da mumbari. Tana hannun masu ba da hayar lasifika ranar biki ko Mauludi ko taron siyasa, tana makarantar Islamiyya ranar walimar sauka. Akwati ce mai faɗi, fuskarta cike da 'yan maɓallan murɗawa jeri-jeri, a ƙasan kowane jeri akwai wanda ake turawa sama da ƙasa, masu sana'ar na ce masa feda. Aikinta ta karɓi sauti daga makirfo da yawa, ta ɗaga kowanne gwargwadon da ake so, ta haɗa su ta fitar.

Abin da ya sa take bakin mutane yanzu shi ne ƙananan situdiyon da matasa ke buɗewa a gida. Ɗaki ɗaya ne ko shago, da laftof mai FL Studio ko Cubase, da fiyano, da makirfo guda, a nan ake yin waƙar biki da ta 'yan siyasa da yabon Manzo da tallar magani. Matasan suna kallon bidiyon Turawa a waya, suna jin ana cewa sautin kwamfuta busasshe ne, tsohuwar mikisa ta analog kuwa tana sa murya ta yi kauri da ɗumi. Mai sayar da kayan Beljiyam a Sabon Garin Kano ko a Alaba ta Legas shi ma labarin ya kai masa, da ka taya zai ce, "Maigida, ai da tsohuwar zuma ake magani." Haka ne. Sai dai ba duk abin da ya daɗe a tulu ne zuma ba.

Labarin ɗumin nan yana da tushe. Wani injiniya ɗan Ingila, Rupert Neve, wanda ya rasu a 2021, shi ya ƙera mikisoshin da suka fi yin wannan suna. A 1970 kamfaninsa ya fito da sashen ɗaga murya mai lamba 1073, wanda har gobe ake kwaikwayonsa. A 1973 wani situdiyo mai suna Sound City a birnin Los Anjalis na Amurka ya sayi Neve 8028, aka yi shekaru kusan 40 ana ɗaukar manyan mawaƙa da ita. Da aka rufe wurin a 2011, mawaƙi Dave Grohl ya saye ta ya kai nasa situdiyon, har ya yi fim a kanta a 2013. Irin waɗannan suna da ƙaramar taransifoma a ƙofar kowane layi, da taransisto ɗai-ɗai da aka harhaɗa. In sauti mai ƙarfi ya bi ta cikinsu sai su ɗan lanƙwasa shi, su dakushe kaifinsa, su ƙara masa wani amo mai daɗin ji. Wannan 'yar gurɓatar ce kunne ke kira ɗumi. Guda ɗaya takan kai dala 100,000 ko fiye, ɗaga ta sai ƙarti, tana zuƙar wuta, kuma ba ta zama ɗakin da babu na'urar sanyaya wuri.

Wadda za ta iso hannunmu daban ce. Yamaha ce ko Peavey ko Behringer, in an yi sa'a Mackie ko Soundcraft ko Allen & Heath, akasari na shekarun 1990 zuwa sama, waɗanda suka gama yi wa coci-coci da gidajen rawa na Turai aiki. A cikinsu 'yan ƙananan ayisi (IC) ne masu araha. Suna fitar da sauti tas matuƙar ba a matsa musu ba, da an wuce iyakarsu kuma sai murya ta tsage. Wasunsu kayan aiki ne nagari ƙwarai, amma wanda ya saye su don neman ɗumin Neve ya yi asarar kuɗinsa. Ƙaramin saun-kad na zamani, wato akwatin da ke shigar da makirfo cikin kwamfuta, sau da yawa ya fi su tsabtar sauti. Saboda haka mai ɗora murya ɗaya a kan kiɗan fiyano ba ya bukatar mikisa. Haka mai karatun Alƙur'ani, haka mai rera rubutacciyar waƙa irin ta malaman jihadi ko Waƙar Nijeriya ta marigayi Shehu Shagari. Makirfo mai kyau da ɗaki marar hayaniya sun ishe su.

To ina amfaninta? Amfaninta yana wurin da situdiyon fiyano ya yi watsi da shi. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyo irin Iyan-Tama a Kano suka fara yi wa finafinai kiɗa da fiyanon Yamaha, yadda ake ɗaukar waƙar Hausa ya sauya. Mutum ɗaya ya buga kiɗa a na'ura, mawaƙi ya shiga shi kaɗai ya ɗora murya, mai amshi ta zo daga baya ta ɗora tata. Kiɗan ƙasar Sakkwato ba haka aka gina shi ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu, Salihu Jankiɗi da taushinsa, Ɗan Anace da kalangunsa a fagen dambe, duk ƙungiya ce ke aiki lokaci guda. Jagora ya ja baiti, 'yan karɓi su cafe tun bai dire ba, wani lokaci su ƙarasa masa, sanƙira ya kutsa da kirari, makaɗi ya ƙara wuta don ya ga jagora ya ɗau zafi. Suna kallon juna ne suke yi. Ka raba su ka ce kowa ya shigo shi kaɗai da abin ji a kunne, za ka sami kalmomin, amma armashin ya tafi.

Tsofaffin waƙoƙin da muka gada daga gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima sun kama wannan armashin, shi ya sa har yau ba a gajiya da su. Illarsu ita ce akasari a layi ɗaya aka haɗe komai, inda kiɗa ya danne magana ya danne ke nan har abada, shi ya sa masu nazari a jami'a ke ta maimaita kaset suna gardama kan kalma guda. Mikisa mai layi 12 ko 16 tana magance wannan. Jagora da makirfonsa, 'yan karɓi su raba biyu, makaɗa biyu ko uku, sanƙira kuwa lallai a ware masa nasa, don shi ihu ne aikinsa, dole hannu ya zauna a kan fedarsa. Kada yawan layi ya ruɗe ka. A 1973 mawaƙi Paul McCartney ya ɗauki akasarin faifansa Band on the Run a situdiyon EMI na Legas da na'ura mai layi 8 kacal.

Hanyar haɗa ta da kwamfuta iri biyu ce. Mai saun-kad mai ƙofa biyu zai daidaita komai a kan mikisa, ya tura haɗaɗɗen sautin hagu da dama. Abin da ya shiga ya shiga, babu gyara daga baya, don haka sai a yi gwaji sau biyu ko uku kafin a ce an fara. Mai saun-kad mai ƙofa takwas kuwa zai iya zaro kowane layi daban, in mikisar tana da ramin fitar da layi ɗai-ɗai a bayanta, sai kowace murya ta sami gurbinta a kwamfuta. Wannan ya fi, ya kuma fi tsada. Akwai masu fitar da waƙar da aka gama daga kwamfuta su bi da ita ta mikisa su mayar, wai ta sha analog. Da mikisa mai araha, a ganina, shuu kawai ake ƙara mata.

A nan akwai kuskuren da ke ƙona kaya. Yawancin mikisoshin masallaci da na masu haya suna da amfilifaya a ciki, ramukan da aka rubuta wa sifika a baya wuta mai ƙarfi suke fitarwa don tuƙa lasifika. Wanda ya jona ɗayansu da saun-kad ko laftof zai ji ƙauri. Ramin da aka tanada don rikoda ko babban layin fita, shi ake nema.

Wajen saita ƙarfi, a fara da maɓallin da ke can saman kowane layi, wanda ke ɗaga muryar makirfo tun shigowarta. A sa makaɗi ya buga mafi ƙarfin bugunsa, ba na gwaji ba, domin makaɗa kan yi sanyi-sanyi a gwaji su ɓarke in an fara. A murɗa har fitilu kore su cika, ja kuwa kada ta kama. A kwamfuta a bar sarari a sama, allura na kaiwa wajen -12, saboda analog takan yi haƙuri in an ɗan wuce gona da iri, kwamfuta ba ta yi. Makirfon kwandensa yana bukatar a kunna masa wuta mai bolt 48 daga mikisa, a jona waya tukuna, a sauke feda, sannan a kunna. A ɗakin da bai sha gyara ba ma makirfon hannu irin Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966, ya fi rufa asiri, tun da ba ya kwaso kukan akuyar maƙwabta. Jabunsa dai sun cika kasuwa. Kuma mikisar analog ba ta da ƙwaƙwalwa. In an tashi, a ɗauki hoton fuskarta da waya, in ba haka ba gobe yaro ya murɗa abu ɗaya an koma farko.

Ranar saye ka tafi da makirfonka da wayarka da abin ji a kunne. Kowane layi ka gwada shi, kada ka yarda da "duk haka suke". Murɗa kowane maɓalli kana saurare. Ƙarar ƙaras-ƙaras datti ne, yakan wanku. Layin da ya yi shiru ɗif, ko gunji mai kauri da ba ya sauka ko an sauke feda duka, wannan aikin mai gyara ne, a rage shi a kuɗi. Ka bar ta a kunne rabin awa, wata cutar sai ta yi zafi take fitowa. Ka leƙa bayanta ka karanta. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi wa Amurka na 120 ne, in babu makunnin sauyawa sai da taransifomar rage wuta. Wadda akwatin wutarta daban yake, kada ka biya sai ka gan shi, samun wani ya fi samun mikisar wuya.

In ta iso gida, maƙiyanta uku ne, kuma duka ukun 'yan ƙasa ne. Na farko zafi. A cikin mikisa akwai kafasito masu ruwa-ruwa a ciki, suna bushewa da shekaru, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanansu. A yankin da Afrilu kan haura digiri 40, mikisar da ta shekara 25 a sanyin Turai ba za ta daɗe ba ta fara gunji. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya sauya su, a ce masa ya sa masu jure digiri 105, ya fara da na sashen wuta. Kai da kanka kada ka buɗe wannan sashen, manyan kafasito na riƙe wuta ko an zare soket.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke bi ta tsagar feda ta zauna. A rufe mikisa da zane mai kauri duk lokacin da ba a aiki, a share da burushi mai laushi, a wanke maɓalli da feshin da aka yi don kayan lantarki. Fetur da kananzir da baƙin mai suna cinye hanyar da ke cikin feda.

Na uku wuta, kuma ita ta fi kashe kaya. Wutar da ke hawa da sauka tana son sitabilaiza. Ƙaramin janareto yana shigar da ƙara ta iska da ta waya. Abin da ya fi dacewa shi ne sola da batir, tun da mikisa mai layi 16 marar amfilifaya ba ta cika wuce wat 50 ba, amma a tabbatar inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sayin. Mai arahar zizar sauro take sa wa sauti. Dukkan kayan su sha daga soket ɗaya. In har yanzu ana jin zuu, a zare cajar laftof a ɗauka da batir. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa ko kaɗan, ga shi wasu na karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don gunji ya tafi. Ranar da wuta ta zubo jikin akwatin, ta makirfo za ta bi ta sami leɓen mawaƙi. A kira mai wayarin ya kafa sandar tagulla a wuri mai danshi, da rani a riƙa zuba mata ruwa, don busasshen yashi ba ya karɓar wuta sosai.

Ɗakin kansa ya fi mikisar tasiri a kan abin da za a ji. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi shagon bulo mai rufin kwano nesa ba kusa ba, yana tare ƙarar babura, ga sanyi. A shimfiɗa darduma, a rataya barguna, a jingina katifa a kusurwa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai. A kashe fanka lokacin ɗauka, a zaɓi bayan isha'i sa'ad da injin markaɗe ya yi shiru.

Wanda aikinsa murya ɗaya ce da fiyano, ya bar mikisa a kasuwa, ya sa kuɗin a makirfo da sola. Wanda kuwa ya riga ya mallake ta, ko yake da niyyar saye, to ya sani a ƙauyukan Boɗinga da Shagari da Yabo akwai makaɗan noma da na dambe da na sarauta da mata masu waƙar daka waɗanda ba a taɓa ɗaukar muryarsu da kyau ba, da yawansu kuma sun manyanta. A nemi izninsu, a yi yarjejeniyar kuɗi da ta yaɗawa a gaban shaidu, a rubuta sunan kowa da ranar da aka ɗauka, a ba su kwafinsu. In ba za su iya zuwa ɗakinka ba, mikisa da batir suna shiga bayan mota.