Matar da ta ƙirƙiro wasa, wani ya ci riba

Mu ƴan kasuwa mun san zafin kuɗin hayar shago. Kan wannan zafi ne wata ba'amurkiya, Lizzie Magie, ta ƙirƙiro wasan allo irin na ludo, ta yi rajistarsa a 1904, don yi wa masu gidajen haya shaguɓe: ana cikin wasa sai mutum ɗaya ya kwashe komai, sauran su tsiyace. A 1906 ita da abokanta suka buga suka shiga sayarwa, amma kasuwar ba ta buɗe ba. A 1935 kamfanin Parker Brothers ya saye haƙƙinta dalar Amurka 500 kacal. Charles Darrow kuwa, da ya kwaikwayi wasan da sunan Monopoly, shi ya zama miloniya.