Ruwan sama ko ruwan malala? Matsalar fassara «eaux pluviales» a takardun tsabtar gari

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba kalma guda da ke yawan fitowa a dokoki da takardun aikin hanyoyi na ƙasar Nijar, wato «eaux pluviales». Akasari ana fassara ta da «ruwan sama». A ganinmu wannan fassara tana ɓoye abin da doka take nufi.

2. Abin da kalmar ta ƙunsa

A bakin Bahaushe, ruwan sama albarka ne: shi ake roƙo, shi ake tara a randa ƙarƙashin indararo. Amma abin da injiniya yake nufi shi ne ruwan da ya riga ya faɗi bisa kwalta ko rufin kwano, ya kasa nutsewa, ya bi gangare. A kan hanyarsa yana kwasar baƙin man gareji, da kashin dabbobi, da leda, da yashi, da abin da masai ya amayar. Ruwan farkon damina ya fi ƙazanta, domin shi ke wanke dattin da rani ya tara. A Yamai, koramar Gunti Yena tana kai irin wannan ruwa kogin Isa; a Maraɗi, gangaren yana kai shi Gulbi, inda ake noman lambu.

3. Abin da dokoki suka tanada

A Amurka, gyaran da aka yi wa dokar tsabtar ruwa a 1987 ya tilasta wa manyan birane neman izini kafin magudanunsu su zuba wannan ruwa a kogi, kamar yadda ake tilasta wa masana'antu. A Nijar an bi wata hanya. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, da dokar ruwa ta 2010, sun hana gurɓata ruwa. Doka mai lamba 2018-28 kuma ta shimfiɗa ƙa'idojin binciken illar manyan ayyuka ga muhalli, har da gina hanyoyi, kafin a ba da takardar amincewa. A 2014 an kafa dokar hana ledoji marasa kauri, waɗanda ke toshe magudanu. Da Faransanci aka rubuta dokokin nan duka, alhali waɗanda ake so su kiyaye su, makanikai da mahauta da matan gida, da Hausa ko Zabarmanci suke jin sanarwa a rediyo.

4. Kalmomin da muke ba da shawara

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Tana da «indararo» na rufi, da «wuriya» ko «rariya», kafar da ke fidda ruwa daga gida, da «kwata», da «korama», da «tafki». Muna ba da shawarar a rarrabe abubuwa uku:

a) ruwan sama: wanda ke saukowa, kafin ya taɓa ƙasa;
b) ruwan malala: wanda ya bi titi, daga aikatau «malala»; shi ne «eaux pluviales» na injiniya;
c) ruwan kwata: na wanka da wanki da wanke-wanke, wato «eaux usées».

Haka kuma «conformité» ta wuce «samun izini». Mun fi son «cika sharuɗɗan izini», domin aikatau «cika» yana nuna alkawarin da ake bin sawunsa: yashe magudanu kafin damina, tace yashi a wurin aiki, tara baƙin mai a durom.

5. Kammalawa

Maganar ba ta nahawu kaɗai ba ce. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon garin Maraɗi zuwa tudu. A 2021 kwalara ta yi ɓarna a jihar. A 2024 ruwa ya sake kashe mutane a birnin. Idan sanarwa ta ce «ruwan sama yana da haɗari», mai sauraro zai iya ɗauka saɓo ake yi. Idan ta ce «kada yara su yi wasa a ruwan malala», ya san wane ruwa ake nufi. Ya rage ga ɗalibai su gwada waɗannan kalmomi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, mu ga wadda baki zai karɓa.