Ɗacin Ganyen Kabeji da Bambancin Iri

Kabeji da danginsa, kamar ganyen mastad na Asiya da gomen na ƙasar Habasha, suna ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta a jikinsu, waɗanda masana ke kira gulukosinolet. An san fiye da 120 daga cikinsu. Muddin ganye yana nan lafiya, sinadarin a kwance yake, ba wari ba yaji. Amma da zarar tsutsa ta cije shi, ko wuƙa ta yanka shi, sai ya gamu da wani mahaɗi mai suna mairosines, wanda ke ajiye a gurbi dabam, nan take ɗaci da yaji su tashi. Watau makami ne da tsiron ya tanada don kare kansa.

Abin lura shi ne, sunan ganye ba ya nuna yawan abin da ke cikinsa. Iri biyu na kabeji, a shuka su gona ɗaya rana ɗaya, akan sami wani ya ninka wani. Taki mai farar wuta yakan ƙara shi, dafuwa cikin ruwa mai yawa kuwa wanke shi take yi.

Har wa yau, su kansu sinadaran ba halinsu ɗaya ba. A 1928 an ga maƙoƙo ya fito wa zomayen da aka ciyar da kabeji a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Daga baya aka gane cewa ɗaya daga cikinsu, furogoitirin, yana hana jiki cin moriyar aidin, ko da yake ci na yau da kullum ba abin tsoro ba ne ga mai samun isasshen aidin. A jami'ar nan dai, a 1992, Paul Talalay da abokan aikinsa suka tace salforafen daga burokoli, wanda ke zaburar da jiki wajen kawar da guba.

To, a nan ne mai kyautata iri yake shiga tsaka mai wuya. Bayan 1990 masana a Holan sun tabbatar cewa sinigirin da furogoitirin ne tushen ɗacin ƙaramin kabejin Burasels, aka zaɓi iri masu ƙarancinsu, jama'a suka yi na'am. Amma rage su baki ɗaya ganganci ne, don mai amfani zai bi mai ɗaci. Yawaita su ma ba kariya ce tabbatacciya ba, gama akwai ɗan malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke huda kabeji, wanda warin nan ne ma yake bi har ya zuba ƙwansa. Saboda haka auna jimla kawai bai isa ba, sai an auna kowane sinadari shi kaɗai, iri bayan iri.