Mawaƙi ya kan tafi, muryarsa fa?

Ran 24 ga watan Disamba na shekarar 1907, waɗansu manyan birnin Pari suka sauka cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Opera, suka yi wata ajiya mai ban mamaki. Opera dai wasan kwaikwayo ne na Turawa, wanda ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Ƙanensa operet shi ne mai ban dariya, inda ake haɗa magana da waƙa. Abin da aka ajiye ran nan faifai 24 ne cikin tukwanen ƙarfe, ɗauke da muryoyin shahararrun mawaƙan zamanin. Cikinsu har da Emma Calvé, zabiyar Faransa wadda ta yi suna a wasan Carmen. Aka yi sharaɗi kada kowa ya buɗe sai bayan shekara 100.

Zabiyar ta rasu a 1942. Da wa'adi ya cika, babban ɗakin ajiyar littattafai na Faransa ya buɗe tukwanen, jikoki suka ji muryar da kakanninsu suka tafa wa. Kowane faifai da sunan mai waƙa da sunan waƙar.

Ƙasar Hausa ba ta rasa gwanaye ba; abin da ta daɗe tana rasawa shi ne irin wannan ajiya. Makaɗan da suka yi wa Ɗan Kasawa kiɗa a Maraɗi, babu mai rai da ya san amon muryarsu. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya riski na'urar ɗaukar magana, shi ya sa har yau ake saurarensa. Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, ya ci zamanin faifai da radiyo da kaset, don haka muryarsa ba ta bar kasuwanni da tashoshin mota ba.

A Nijar ma an yi ƙoƙari. Gidan radiyon ƙasa ya soma aiki a 1958. A 1963 wani masani mai suna Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar yana ɗaukar kiɗan maroƙa, kamfanin OCORA na Faransa ya buga shi a faifai. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda aka sani da CELHTO. A 1987 aka soma gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, sannan a 1989 aka buɗe makarantar kiɗa mai sunan Alhaji Taya.

Amma galibin wannan aiki a birane aka yi shi. A karkarar Hawandawaki, kusa da iyakar Nijeriya, da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, akwai makaɗan noma, da na kokowa, da masu gurmi da kalangu, da zabiyoyin biki. Da yawansu an ɗauke su a kaset ranar kasuwa ko ranar buki, ba suna, ba shekara. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset. Abin da aka juye cikin wayar hannu kuwa, ranar da wayar ta lalace ya tafi. Waƙar da ba a san mai ita ba marainiya ce: wani ya kan ɗauke ta ya ce tasa ce, ƴaƴan mai ita ba su da hujja.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da babban aiki. Duk wanda ke da tsohuwar kaset a cikin adaka, ya kamata ya zauna da dattawa tun suna da rai, ya rubuta abu biyar: sunan mawaƙi, garinsa, kayan kiɗansa, wanda aka yi wa waƙar, da shekarar da aka ɗauka. Hukumomi kuma, daga magajin gari har zuwa gidajen radiyon karkara, su tanadi wurin da za a juye waɗannan muryoyi, a ajiye su fiye da wuri guda.

Mutanen Pari sun yi tanadin shekara 100 da faifai 24. Hausawa ma sun ce ajiya maganin wata rana.