An Sallamo Shi Daga Asibiti, Saura Jinyar Gida

A yau filin namu zai taɓo wata magana ce wadda aka saba yi a ƙuryar ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, watau jinyar mai taɓin hankali a gida.

Ke da kike zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, asibiti yana bakin ƙofarki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a kan titin Zariya, kuma yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Ga kuma asibitin Dawanau a hanyar Katsina. To, amma likita na ɗan lokaci ne zai ga majinyaci, ya rubuta magani, ya sa ranar dawowa. Sauran kwanakin duka a hannunki yake, ko mijinki ne, ko ɗanki, ko ƙanwarki.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun a 1954 Dokta Adeoye Lambo na asibitin Aro a Abekuta ya riƙa sauke majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi, su zo karɓar magani su koma masauki. Wannan tsari ya yi suna a duniya, domin ya nuna mutum ya fi samun sauƙi a tsakanin nasa.

Aikinki na farko shi ne magani. Abin da ya fi yawan mai da ciwon baya shi ne a ga sauƙi ya samu, sai a ce ai ya warke, a jefa ƙwayoyin a cikin kwalla. Kada ki yarda da wannan. Maganin ƙwaƙwalwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, wani kuma sai an yi watanni ko shekaru ana sha, kamar dai na hawan jini. Ki ajiye shi a wurinki, ki ba shi da hannunki, ki ga ya haɗiye. In kin ga hannunsa na rawa, ko wuya ya sanƙare, ko yawu na dalala, ko barci ya yi yawa, kada ki tsai da magani da kanki; ku koma wa likita, akwai gyara. In kuwa ba ya son ƙwaya, ki tambaya, domin wasu akan yi musu allura bayan kowane mako biyu ko huɗu. Addu'a a dage da ita, amma a haɗa da magani.

Na biyu, harshe. Masu bincike a Ingila sun gano tun shekarun 1960 cewa majinyacin da ya koma gidan da ake yawan yi masa faɗa da gori ya fi saurin komawa asibiti. Saboda haka ki hana yara kiransa mahaukaci. In ya ce yana jin muryoyi, kada ki yi gardama, kada kuma ki gaskata, ki ce, "Yaya, ni ban ji ba, amma na ga abin ya dame ka." A ci abinci da shi, a ba shi ɗan aiki daidai ƙarfinsa, kamar shara ko tsare kanti, don kada ya ga an yar da shi.

Na uku, ki san alamun dawowar ciwon: kwana biyu ko uku ba barci, ƙin abinci, barin wanka, surutu shi kaɗai, ko zargin an sa masa wani abu a tuwo. Da kin ga haka, kada ki jira ranar kati. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ki kawar da wuƙa, igiya da fiya-fiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.

Ku kuma masu wankan jego, ku sa ido. Cikin haihuwa 1,000 akan sami mace ɗaya ko biyu da hankalinta ke gushewa, galibi a makonni biyun farko. In mai jego ta daina barci, tana sambatu ko ta ƙi jaririnta, kada a tsaya cewa iska ce. A riƙe jaririn, a garzaya da ita asibiti. Yawancinsu suna warkewa sarai.

Ɗauri da duka kuwa ba magani ba ne. A 2019 gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta fito a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin waɗannan bayin Allah. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ke 'yar makaranta, ke ma da naki rabon. Ki karanta wa Inna abin da aka rubuta a jikin magani, ki rubuta ranar komawa asibiti a kalanda, ki kuma riƙe sirrin gidanku a wajen ƙawaye.

A ƙarshe, uwargida, kada ki manta da kanki. Mai jinyar da ba ta barci, ba ta cin abinci, ita ma kwanciya za ta yi. Ki tara dangi a raba aikin: wannan ya sayi magani, waccan ta kwana, wancan ya raka shi asibiti. Neman taimako ba abin kunya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun sake saduwa a wannan fili.