Ka San Wurin Aikinka Kafin Ka Kafa Doka

A daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta cika Accra. Mutane suka fake a wani gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle. Fetur ya bi ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Ruwan da ya shigo daga waje ne ya ɗauki man ya yaɗa wutar.

Shi ya sa ƙa'idar duniya ta kiyaye lafiyar ma'aikata, ISO 45001, wadda ta fito a 2018, take farawa da sanin wurin aiki da abin da ke kewaye da shi.

Ɗan'uwa mai walda a Nima, duba shagonka. Idan babbar kwata ta cika da damina, ina ruwan yake bi? Zai taɓa wayar wutarka? Motar kashe gobara za ta iya shiga lungunku? Maƙwabciyarka mai dafa wake da shinkafa, ina take ajiye tukunyar gas? Yaran da ke koyon sana'a a hannunka, nawa ne ke karanta Turanci? Gargaɗin da ba su iya karantawa ba, ado ne kawai a bango. Ka faɗa musu da Hausa, ka nuna musu da hannu.

A asibiti muna yawan ɗaure ƙunar da tambaya ɗaya cikin waɗannan za ta iya hanawa.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ɗora wannan nauyi a kan maigida. Idan gobara ta tashi, kira 192 ko 112.