Tazargade: Abin da Yake Yi wa Jiki da Hankali

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kun san tazargade. Ana sayar da busasshensa a kasuwar Djamboutou da ta Pitoa. Iyayenmu mata suna jiƙa shi don zazzaɓi, ciwon ciki da tsutsar ciki, wasu kuma suna turara shi a ɗaki. Ba mu raina shi ba. Ɗacinsa yana tsinka yawu, yana buɗe ciki, mara lafiya ya ji sha'awar abinci. Amma akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗaga ƙwarya.

Tazargade iri-iri ne, kuma in ya bushe da wuya ka bambanta su. Irin da Turawa ke kira absint yana da wani mai a ganyensa, a cikin man kuma akwai guba mai suna tujon. Ƙwaƙwalwa tana da abin da ke tsai da ita idan ta yi zafi, kamar linzami a bakin doki. Tujon yana kwance wannan linzami. In ya yi yawa, sai rashin barci, jiri, amai, rawar jiki da ruɗewa, daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya. A Amurka, a 1997, wani mutum ya sha kamar ƙaramin cokali biyu na tsantsar man ganyen. Jijjiga ta kama shi, ƙodarsa ta kasa aiki, sai a asibiti aka ceto shi.

Turawa sun taɓa yin giya da wannan ganye, ita ma sunanta absint. Sojojin Faransa sun sha ta a Aljeriya wajen 1840 da sunan maganin zazzaɓi. Da suka koma gida ba su bar ta ba, har ta cika gari. Koriya ce, suna ce mata koriyar aljana. Mashayanta suka riƙa rawar hannu, suna gane-gane, wasu suka haukace. Suwizalan ta hana ta a 1910, Faransa a 1915. Aka ɗora wa ganyen laifi duka. Daga baya, da masana suka auna tsofaffin kwalabe, sai suka tarar tujon ɗin ciki kaɗan ne. Babbar mai laifin barasa ce, domin fiye da rabin abin da ke cikin kwalbar barasa ce zalla.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Akwai masu jiƙa saiwa da ganye masu ɗaci a cikin arki, su ce magani suke sha, ba giya ba. Hanta ba ta san wannan bambanci ba. Barasa tana jawo man ganye fiye da yadda ruwa ke yi, saboda haka mai shan irin wannan jiƙo guba biyu yake haɗiya a lokaci guda.

Wani zai ce, ai daga tazargade aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ne, amma daga wani iri dabam. Wata masaniyar harhaɗa magunguna 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ce ta fitar da shi a 1972, daga gare shi ake yin ƙwayoyi irin su Coartem. Ƙwayar a aune take, an kuma haɗa ta da magani na biyu. Jiƙo ba shi da awo. Yakan sauke zafin jiki kwana biyu, ƙwayoyin cutar kuwa suna nan cikin jini.

Kada mai ciki ko mai shayarwa ta sha tazargade. Kada a ɗura wa jariri. Mai farfaɗiya da mai ciwon ƙoda su nisance shi. Babba mai lafiya ma kada ya mai da shi ruwan shan kullum.

Idan jikin yaro ya yi zafi, musamman da damina, ku kawo shi a gwada jininsa a ranar. Idan jijjiga ta kama wani bayan ya sha jiƙo, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku sa masa kome a baki, ku kawo shi asibiti maza. Ku taho da sauran jiƙon, ku gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka sha. Ba wanda zai yi muku faɗa.